Tsohuwar da Ta Ƙi Faɗin Sunan Ɗanta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiya a Kebbe, ranar da na tsaya gaban malamina na tabbatar masa, cikin cikakkiyar natsuwa, cewa wata tsohuwa mai garau ɗin hankali ta fara ruɗewa.

A lokacin ina shekarar farko ta horon ƙwarewa a fannin likitancin iyali. Cikin sharuɗɗan horon akwai zaman wasu watanni a asibitin karkara, don haka aka turo mu Tambuwal, daga nan kuma mukan je Kebbe duba marasa lafiya. A rukuninmu akwai Dakta Nkechi, 'yar kudu maso gabas, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "ina ke ciwo?" ba (don kada in zalunce ta: ta iya cinikin albasa, har tana neman gyara).

Ba a jima ba aka fara ƙorafi. Wai tana jan layi, wai sai an nemo mata tafinta, wai ba ta san al'adun mutane ba. Wasu suka ba da shawarar a mayar da ita Sakkwato. Kowa kuwa ya san abin da hakan ke nufi: wanda bai kammala zaman karkara ba, ba ya shiga jarrabawar bana. Ina so in ce "wasu" in yi shiru, amma gaskiya ita ce ni na tsara hujjojin, ni kuma na gabatar da su ga babban likitan da ke horar da mu, Dakta Bello. Ban yi da mugunta ba. Na yi ne da abin da ya fi mugunta haɗari, wato tabbacin cewa ina da gaskiya.

Dakta Bello ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce, "To, madalla. Gobe ku zauna ɗaki guda kai da ita a Kebbe. Kai da kas san al'ada, ka nuna muna yadda aka yi. In na gani sai in yanke."

Washegari aka shigo da wata tsohuwa daga Fakku, 'yar gidan makiyaya, ɗanta na riƙe da hannunta. Ya ce sunansa Hammadi, shi ne babba a 'ya'yanta, kuma jiri ya kayar da ita wajen tatsa. Tsohuwa, jiri, faɗuwa: littafi ya ce a gwada hankali. Na gyara farar rigata na fara.

"Inna, mene ne sunan mai gidanki?"

Ta dubi bango.

Na ɗaga murya, ko ba ta ji ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na nuna Hammadi na ce, "Wannan fa, wane ne? Mene ne sunansa?"

Ta kawar da kai ta ce, "Wani yaro na dai, na mutanen gida."

Zuciyata ta buga, amma (Allah Ya yafe mini) ba don tausayi ba, don murna. Na kama babban ciwo a gaban malamina! Na miƙe na yi bayani da Turanci mai tsafta: mara lafiya ba ta tuna sunan mijinta, ba ta gane ɗan cikinta, ina zargin bugun faɗuwar ya taɓa ƙwaƙwalwa ko kuma ruɗewar tsufa ce, a tura ta Sakkwato a yi mata hoton kai. Har na ƙara da cewa irin wannan ciwo sai wanda ya ji harshen mutane sosai ke iya gano shi. Ban dubi Dakta Nkechi ba, amma kowa ya san da wa nake.

Ita kuwa sai ta nemi izini. Ta bar kujerarta, ta durƙusa kusa da tsohuwar, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Mama, sannu. Yaro na biyu, suna?"

"Sambo."

"Na uku?"

"Yero. Sai Hassi, sai Dije, sai autana Ummaru, wanda ka karatu Dogon Daji."

"Saniya nawa Mama tatsa?"

Nan fa tsohuwa ta warware. Ta lissafo shanun da sunayensu, da wadda ta haihu da damina, da wadda ke harbi in ba a ɗaure mata ƙafa ba. Ta faɗi ranar kasuwar da ta gabata, da abin da ta sayar. Ni da kaina, a wannan lokacin, da an tambaye ni abin da na karya kumallo da shi, da sai na yi tunani.

Dakta Nkechi ta juyo ta ce wa Dakta Bello da Turanci, a hankali, "Ranka ya daɗe, kunya ce. Matar mai gidan da nake haya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Na tambaye ta dalili, ta yi mini dariya kwana biyu, sannan ta gaya mini."

Hammadi, wanda ke ɗan jin Turanci ya kuma tsinci zancen, ya fassara wa uwarsa abin da na so a yi mata. Tsohuwa ta sauke mayafi ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi.

"Kai mijin nawa," in ji ta, irin wasan kaka da jika, "kai na nawa ne ɗakinku?"

Na ce, "Ni ne na fari, Inna."

"To uwarka mi taka ce maka?"

Na so ƙasa ta tsage. Tun da aka haife ni, mahaifiyata ba ta taɓa furta sunana ba. Na amsa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji: "Tana ce mini 'kai wannan'."

"Af! To a haɗa mu mota guda, ni da ita, a kai mu hoton."

Wata nas da ke wurin ta fita da gudu, tana toshe baki. Dakta Bello ya duƙar da kai yana gyaran tabarau, kafaɗunsa na rawa. Hammadi ya juya baya don ladabi, amma ladabin bai hana a ji shi ba.

Aka auna tsohuwa da kyau, aka tarar jininta ne ya hau. Dakta Nkechi ta rubuta magani, ni kuma na yi aikin da ya dace da ni tun farko, wato fassara yadda za a sha. Da za su tafi, tsohuwa ta kama hannunta ta ce, "Wagga ɗiya ta san mutane. In na komo ita nika so." Ni kuwa ta ce in gaishe da uwata.

Ban jira an kira ni ba. Muna fita na tsayar da Dakta Bello a gaban sauran abokan horo na ce na janye duk abin da na faɗa, hujja bayan hujja, kamar yadda na jero su. Ya ce, "Dā ma ban yi niyyar mayar da kowa ba. So nike in ga wa ka buƙatar ƙarin horo, kuma na gani."

Dakta Nkechi ta kammala zamanta, ta shiga jarrabawa, ta ci. Ranar da sakamako ya fito, ni na fi kowa ihu, har da ɗan tsalle (wanda ban yi tsammanin akwai shi a jikina ba). Sauran watannin kuwa tare muka yi su a ɗaki guda, ni ina kawo mata kalmomi, ita tana nuna mini abin da na saba gani har na daina ganinsa.

Abin da na koya shi ne, haihuwa a cikin al'ada ba ta sa mutum ya shigo da ita ɗakin duba marasa lafiya. Ni na rataye tawa a ƙofa na ɗauki farar riga, baƙuwa kuma ta shigo da ita saboda ta yi tambaya. Yanzu duk tsohuwar da zan gwada wa hankali, daga auta nake farawa.