Yadda Tela Ya Zama Abu Minshar

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tsaya a tsakar gidan surukaina a unguwar Ruwais ta Jidda ba, rungume da injin sare itace, yana ihu ina zufa, ban san ta inda ake kashe shi ba.

Bari in fara da gaskiyar da ya kamata in faɗa tun wancan lokacin: ni tela ne. A Fagge aka haife ni, a kan keken ɗinki na girma, da na zo Jidda ma kan keken na koma, a wani shago a Ammariyya. Abu mafi kauri da na taɓa yankawa a rayuwata shi ne yadin labule. Ko rake na saya, mai raken nake roƙo ya daddatsa mini.

Ana nan sai Allah ya haɗa ni da Su'ad. Iyayenta Hausawa ne haifaffun nan, kakanninta suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna. Mahaifinta, Ammi Bakur, dattijo ne marar yawan magana, Hausarsa rabi Larabci, bai taɓa taka Najeriya ba. Ranar da na fara zuwa gaishe shi, a gindin wata kurna ya karɓe ni a tsakar gida, ya ce mahaifiyarsa ce ta shuka ta da hannunta. Yana zuba mini gahawa na lura hannun da ya riƙe butar babu yatsu biyu (na ce a raina ciwon suga ne, na kau da kai irin na mai tarbiyya).

"Ya waladi," ya ce, wato ɗana, "Ummi, mahaifiyata, takan ce can gida akwai itatuwan da mutum goma ba sa zagaye su da hannu. Sahih?"

"Sosai ma, Ammi."

A nan ya kamata in tsaya in sha gahawata. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ai ni kaina na yi aikin katako a kurmi kafin in kama ɗinki. Da inji muke kayar da su."

Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba. Ina jin gani na yi allura da zare ba su kai abin da namiji zai shiga gidan mutane neman aure da su ba. Ammi ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce "Masha Allah," ya ƙara mini gahawa. Na koma gida ina jin kaina wani ƙaton mutum.

Wata biyu bayan nan Su'ad ta kira ni. Wani reshen kurnar ya kwanta a kan katangar maƙwabci har ya fara tsaga ta, maƙwabcin ya ce zai kai ƙara baladiyya, wato hukumar birni, su kuwa in suka zo ba reshe za su cire ba, duk itacen za su ɗauke.

"Abuya bai ci abinci ba tun jiya," ta ce, tana nufin mahaifinta. "Ya ce tunda aikinka ne, ka zo Juma'a bayan salla ka cire reshen. Kuma ka zo da kawunka, ranar zai ba ku amsa."

Amsar neman auren da na yi wata biyu ina jira ce aka ɗaura a jikin reshe. Mai hankali da sai ya ce, "Su'ad, ƙarya na yi." Ni kuwa cewa na yi, "Ƙaramin aiki ne wannan."

Ranar Laraba na rufe shago na nufi Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, inda ake samun komai daga firiji zuwa ƙofar gida. Na yi ta tambayar minshar (haka suke kiran injin a nan) har aka nuna mini wani tsoho Basudane zaune cikin ƙarafa. Ya fito mini da wani ƙarami, sabo fil, wanda ko mace za ta ɗauka da hannu ɗaya. Na yatsina fuska. Wanda ya kayar da itatuwa a kurmi ba zai shiga Ruwais da abin wasan yara ba. Sai idona ya faɗa kan wani a can ƙarƙashin tebur, jibgege, jan fentinsa ya koɗe, takobinsa ya kusa tsawon ƙafata.

"Wancan fa?"

Tsohon ya yi murmushi ya jawo shi. Ya ce ɗan Jamus ne, ya girme ni, babu roba ko ɗaya a jikinsa, irinsa an daina yi. Sannan ya yi wani abu da ya ɗaure mini kai: ya kama igiyar tayarwa ya ɗaga injin da ita, injin ya tsaya yana reto, sai can ya ɗan sauka kaɗan, ya sake tsayawa. "Shuf, shuf!" yana cewa, wato in duba, yana kallona da alfahari. Na gyaɗa kai na ce lalle igiyar tana da ƙwari. (Sai daga baya na ji cewa haka masana suke gwada ƙarfin inji. In ya zube ƙasa nan take, ya gaji. In ya sauka a hankali, da sauransa. Igiya ba ta cikin maganar.)

Ni ma dole in nuna na san abin da nake yi, kuma ciniki ɗaya na taɓa gani ana yi da ilimi, cinikin ragon layya. Don haka na ɗaga shi na ji nauyi, ƙuguna ya amsa. Na bubbuga gefensa. Na durƙusa na duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Ba laifi, bai tsufa sosai ba."

"Wane itace za ka kayar?" tsohon ya tambaya.

"Reshe ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ya zol, bawan Allah, wannan na gungume ne. Ɗauki ƙaramin."

Nan na tabbata yana so ya ɓoye wa wani ne, na ƙara riƙe shi. Ya ja igiya sau ɗaya injin ya tashi, ya kashe shi, ya yi mini bayanin yadda ake gauraya fetur da baƙin mai, da wasu abubuwa da yawa. Ban ji rabinsu ba, don ina can ina hango fuskar Ammi in ya gan ni da shi. A tasi sai da muka fitar da takobin ta taga.

Ranar Alhamis da la'asar na hau da shi rufin gidanmu. Tunanina shi ne inji inji ne, wanda ya iya kwance keken ɗinki ba zai rasa kan wannan ba, kuma ba a zuwa gidan surukai da datti. Na cire sarƙar nan mai haƙora da ke zagaye da takobin na jiƙa ta a kananzir, na dirje ta da tsohon buroshin haƙori, na goge jikin injin da man keke har yana ɗaukar ido. Da na zo mayar da sarƙar ne na tsaya cak. Na sa ta haka, ta zauna. Na juya ta, ta zauna. Haƙoran su kalli gaba ne, ko su kalle ni? Na daɗe a tsugune ina jujjuya ta, har na tuna fartanya ai mai ita take kallo, don wajensa take jawo ƙasa (ni da ban taɓa riƙe fartanya ba). Na juyo haƙoran saman wajena, na ɗaure tam. Gwadawa kuwa ban yi ba, na ce kada in tayar wa maƙwabta hankali. Gaskiyar ita ce tsoronsa nake ji.

Juma'a na sa farar jallabiyar da na ɗinka wa kaina musamman, na biya na ɗauki Kawu Sani, ƙanin mahaifina, wanda shi ne wakilina. Da ya ga abin da na saɓa a kafaɗa ya ce, "Kai, wannan kuma fa? Walima za mu ko yaƙi?" Na ce taimako ne kawai zan yi.

Muka ci shinkafa da rago a gindin kurna, da Ammi da 'ya'yansa maza biyu da maƙwabcin mai katanga. Mata suna bayan taga, ina jin motsinsu. Ammi ya ce wa Kawu, "Ɗanku ya ce ya yi aikin katako a kurmi." Kawu ya buɗe baki, na take masa ƙafa, ya rufe. Sannan aka nuna mini reshen. Jama'a, bai fi kaurin damtsena ba.

Na ajiye injin na ja igiya. Shiru. Na sake ja. Ya yi tari. Na ja har kafaɗata ta fara zafi, ina murɗa duk abin da ya murɗu, ina gyaɗa kai kamar haka na tsara. Ban san me na taɓa ba, sai ya fashe da wata irin ƙara. Tantabaru suka watse daga kan rufi, motar wani a waje ta kama kuka, hayaƙi shuɗi ya rufe farantan shinkafa. Na ɗaga shi da ƙyar na ɗora a kan reshen, haƙorana suna kaɗawa.

Bai ci ba. Na danna, bai ci ba. Sarƙa tana gudu, inji yana ruri, reshe yana nan yana kallona. Babu garin katako, sai hayaƙi da ƙaurin ƙonewa. Kaina ya kulle. Na ce ko itacen Saudiyya ya fi na ko'ina tauri ne? Ko Basudanen nan ya cuce ni? Har na fara tunanin ko kurnar tana da masu ita, na kama karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Na canja wuri, na dawo, na gwada ta gefe. Abin da na samu kawai baƙin tabo a jikin ɓawo, kamar wanda aka ɗora wa dutsen guga ya manta.

Ta cikin hayaƙin na hango Ammi ya ɗaga hannu, bakinsa yana cewa "Halas, halas!" wato ya isa haka. To, a kashe. Ta ina? Na danna wani maɓalli, baƙin mai ya tsarto mini a gaban jallabiya. Na juyo in tambaya, na manta takobin yana juyowa tare da ni. 'Yan'uwan Su'ad suka yi bayan tankin ruwa, maƙwabci ya faɗa falo, Kawu Sani ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a kan tabarma. Daga bayan taga wata murya da na sani sarai ta ƙwala, "Ya Abuya, ilhaƙo!" wato ya cece ni.

Ammi ya taso a hankali, ya zagayo ta bayana, ya miƙa hannun nan mai yatsu uku ya taɓa wani ɗan abu kusa da babban yatsana. Duniya ta yi tsit. Ya karɓi injin da hannu ɗaya kamar butar alwala, ya shafa sarƙar, ya daɗe yana kallonta.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne, Ammi."

"Ya waladi, in ka sa allura baibai a kekenka, tana ɗinki?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Wannan shi ne kuskuren da nake yi wa sababbin hannu dariya a kansa a shago. Na sunkuyar da kai na ce, "Ammi, ƙarya na yi maka. Ban taɓa ganin kurmi ba sai ta tagar mota."

"Na sani," ya ce. "Tun ranar da ka ba ni hannu." Ya ɗaga hannunsa na hagu. "Shekara talatin ina yanka katakon jiragen ruwa a bakin tekun nan, da irin wannan injin. Ga abin da ya karɓa a wurina, ni da na iya. Kai da ka ɗaura ta daidai, da yau ko kurnar Ummi ko ƙafarka, ɗaya ta tafi."

Ya shiga ɗaki ya fito da ɗan zarton hannu, ya nuna mini inda zan fara ta ƙasa sannan in gama ta sama, ya koma ya zauna. Na yi ta gurza a gaban kowa, jallabiya duk mai, tafin hannuna ya yi bororo, har reshen ya saki ya sauka lafiya, katanga ba ta ji komai ba. Na tsaya ina haki, na tabbata Su'ad ta tafi tare da shi.

Ammi ya zuba gahawa ya miƙa wa Kawu, wanda a lokacin yake neman takalminsa. "Alhaji, ni tela na bincika, aka ce mini mutumin kirki ne, ba ya cin yadin mutane. Shi zan ba 'yata. Wancan mai kayar da itatuwan kada ya sake shigo mini gida." Ya juyo wajena. "Minshar ɗin ka bar mini shi. Wallahi ka iya zaɓe, ko da yake na san ba da sani ba ne."

Yau injin yana rataye a falon Ammi, an juya sarƙarsa daidai, duk baƙon da ya tambaya sai an ba shi labarin tun daga Haraj. A Ruwais babu mai kirana da sunana, Abu Minshar ne, har Su'ad in muka yi faɗa. Tabon ƙunar yana nan a jikin dungun reshen, kuma a nan ake shimfiɗa mini tabarma duk Juma'a.

Na so in ce darasin shi ne kada a yi ƙarya, amma wannan an faɗa mini tun ina makarantar allo ban ji ba. Wanda na koya da jikina shi ne, kafin ka yi wa dattijo alfahari da wata sana'a, ka fara tambaya me ya cinye masa yatsu.