Yadda Za Ka Raba Wuta da Kan Murhu

Maigida, in ka gaji da jiran ruwan shayi ya tafasa kamar sauran bayin Allah, ga hanya. An gwada ta a kicin ɗina, a gaban idona, kuma na lamunce maka wuta za ta tashi sama.

1. Raina wutar da ka tarar

Leƙa kicin, ka dubi shuɗiyar wutar da ke zaune lafiya a kan murhun gas, ka ja tsaki. Ka ce, "Wannan ai fitila ce." Kada ka tambayi wadda take girki da ita kullum. Me mai goyo ta sani game da kimiyya?

2. Canza rigileta

Cire wanda ya zo da silinda, mai rage wa gas ƙarfi, ka ɗaura wanda abokinka mai walda ya ba ka. Abin da ke narka ƙarfe ai buta ba za ta gagare shi ba. In matarka ta ce, "Baban Ummi, don Allah bari in fitar da yarinyar nan tukuna," ka ce, "Ke dai tsoro ya yi miki yawa." Bar Ummi ta ci gaba da rarrafe a gindin ƙafarka. Ilimi tun daga yarinta ake fara shi.

3. Ƙyasta ashana

Murhu zai yi gurnani. Harshen wuta zai saki bakin murhun, ya koma sama ya tsaya yana rawa, tsakaninsu fili kamar surukai. Riƙe ƙugu.

4. Yi lacca

Nan ne daɗin yake. Bayyana mata cewa gas na fitowa da gudun da wuta ba ta iya cim masa, shi ya sa sai ya yi sama, ya gauraya da iska, gudunsa ya ragu, sannan wutar ta samu wurin zama. Ka ce, "Kin gane? Wuta na turowa ƙasa, gas na ture ta sama, inda suka yi kunnen doki nan take tsayawa."

Duk gaskiya ne, wallahi. In ta ce, "To in gas ya fi ƙarfinta fa?" ka ce tambayar ta wuce matakinta.

5. Ƙara murɗawa

Fup! Wuta ta tafi babu sallama. Gas kuwa yana nan yana huci, kuma da yake ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai tsayin hancin mai rarrafe. Kada wannan ya dame ka. Laluba ashana ta biyu.

6. Karɓi sakamako

Kafin ka ƙyasta, za a fizge akwatin ashanar daga hannunka. Za a rufe silinda, a wangale taga, a suri Ummi a yi waje da ita babu ko takalmi. Bi su tsakar gida kana cewa, "Saura kaɗan fa ta daidaita." Ana duba numfashin yarinya.

Hattara

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin gira, gashin baki ko labule ba, haka nan abin da mahaifiyarka za ta faɗa maka in ta ji a inda jikarta take lokacin gwajin. Na riga na kira ta. Ta ce kada ka fita, tana hanya.