Rasuwar Obin Malama Safara'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar tababa, Malama Safara'u ta unguwar Limawa a Dutse ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar obin ɗinta na gasa kek.

Marigayin mai haƙuri ne, mai cika alkawari. Bai taɓa ƙona mata kek ba, in ya gama aikinsa sai ya ce "ƙiling" a hankali, ya yi shiru. Ita ma ba ta rage shi da komai ba. Duk ranar da ta yi gashi sai ta goge shi da ɗuminsa, duk wata kuma ta yi masa wankan kanwa da lemon tsami. Ko da maƙwabta suka ce abin ya yi yawa, ba ta fasa ba.

Lafiya lau ta bar shi ta tafi bikin suna a garin Miga. Da ta dawo ta kunna shi don kek ɗin auren 'yar maƙwabciyarta, sai ya yi tari, ya turnuƙe da baƙin hayaƙi, ya cika da kek ɗin a cikinsa.

Malam Isah mai gyara, wanda ya duba gawar, ya ce maiƙo ne ya taru ya kama wuta. Ya kuma ciro daskararren kitsen rago da burbushin yaji. Safara'u dai ba ta taɓa saka nama a ciki ba.

Maigidanta, Malam Abdulrauf, wanda likita ya hana cin kitse, ya rantse ko ƙofar kicin bai sani ba, sai dai ta lura rigarsa ta ɗan matse shi. Ƙanwarsa Raihana, ɗaliba a Kafin Hausa da ta zo hutu gidan, ta ce ita azumin nafila ta yi ta yi. Tun daga ranar su biyun ba sa haɗa ido.

Ya rasu ya bar farantan gashi biyu, da tukunyar gas, da amarya ba kek.

Za a kai shi makwancinsa wurin 'yan gwangwan ranar Asabar da hantsi. Malam Abdulrauf ya roƙi a bar shi ya keɓe da mamacin tukuna, su yi sallama. An ƙi. A jikin obin akwai aljihun ƙasa da ya maƙale, har yanzu ba a buɗe ba, kuma Safara'u ta ce a gaban masu gaisuwa za a ɓalle shi.