Ranar da Na Ƙaryata Littafin Likitan Ido

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Likitan Ido garinmu Makarfi ba, zamanin Turawa, lokacin ina sabon malamin elementare mai ji da kansa. Bature ne dogo, ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken wata 'yar fata da ke can bayan ƙwayar ido, wadda haske ke sauka a kanta. Ya ce a jikinta akwai ƙananan halittu iri biyu: wasu aikinsu gani idan haske ya yi ƙaranci, wasu kuma rarrabe launi. Dundumi ya kawo shi ƙasarmu. Shi ya fara nuna wa mutanenmu cewa ciwon na da alaƙa da abinci, kuma bayan tafiyarsa an daɗe ana ba mata masu ciki hanta da manja da ganye saboda maganarsa.

Da aka nemi tafinta, ban jira an zaɓe ni ba. Na sha farar riga, na soke alƙalami a aljihu (babu tawada a ciki, amma wa ya sani?). A lokacin kuwa Kawu Barau, ƙanen mahaifiyata, ya kusa samar mini aikin jirgin ƙasa, na ɗaga wa direbobi tuta a tasha. Duk garin na bi na sanar.

Aka taru a ƙofar gidan Dagaci da hantsi. Likita ya buɗe wani littafi, kowane shafi cike da ɗige-ɗige masu launi, ya ce a cikinsu akwai hanya a murɗe, mutum ya bi ta da yatsa. Dattawa suka yi cirko-cirko. Sai na matso na ce, "Ranka ya daɗe, bari in nuna musu. Ni idona ko allura ta faɗi a yashi sai na gano ta."

Shafin farko na bi shi tsaf, har da juyowa in kalli jama'a. Aka buɗe na biyu. Na duba, na ƙara dubawa. Ɗige-ɗige kawai, kamar an watsa gero a tabarma.

Da mai hankali ne, da shiru zai yi. Ni kuwa na ɗaga murya da Hausa, sannan da Turanci don kowa ya amfana: "Wannan shafin babu komai a ciki. Masu buga littafin sun yi kuskure."

Dagaci ya leƙo ya ce, "Malam, ga ta nan fa, ja-ja, ta bi ta nan ta fita ta can." Kawu ya leƙo, shi ma ya bi ta da yatsa. Na ce kunyar baƙo suke ji. Aka buɗe shafi na uku, na huɗu, ina ta musu (har zufa ta jiƙa farar rigar).

Likita ya rufe littafin a hankali. Ya ce ƙwayoyin da ke raba ja da kore a idona ba su cika ba, haka aka haife ni, ba ciwo ba ne. Sannan ya dube ni ya ce, "Fassara musu." Jama'a, da bakina na tsaya na sanar da garinmu cewa ban san ja ba, ban san kore ba.

Kawu ya tafa hannu ya ce, "La ilaha illallahu! Ashe shi ya sa kake cika mana kwando da ɗanyen tumatir! Mu kuwa muna ta dukanka da sunan ƙiwa." Wurin ya kwashe da dariya, har Dagaci yana share hawaye da gefen rawani. Can Kawu ya daina dariyar, ya ce, "Kai, tutar jirgin nan ja da kore ce fa." Nan take na ga hatsarin da zan iya jawo wa taragai cike da mutane. Aikin jirgi ya tashi a wurin.

Na zauna a aji har na yi ritaya, kuma na koyar da kyau, wannan ba wanda zai musa. Amma tun daga ranar, idan kowa ya ce yana ganin abu ni ban gani ba, sai in fara yin shiru tukuna. Zaɓen hula a kasuwa kuwa, matata ce ke yi.