Madubin da Ya Rasu a Duhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka kwana biyar suna lalube, iyalan Baba mai gyaran agogo, na shagon ƙarƙashin matakalar bene a ƙarshen lungu, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa kawo agogo gyara, rasuwar madubinsu da aka fi sani da Dogo. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, bayan jinyar kwana uku a kan ƙusa ɗaya, yana da shekara talatin da ɗoriya. Cutar da ta yi ajalinsa ba daga jikinsa ta fito ba. Cutar tana da ƙafa biyu, tana sa takalmi mai tsini, kuma ita ke auren Yaya, babbar 'yar gidan.

Asalin marigayi ƙofar wadirob ɗin Inna ne, matar Baba. Bayan rasuwar Inna gara ta cinye wadirob, sai Baba ya ciro ƙofar da hinjinta, wato ƙarfen da take juyawa a kai, ya kafa ta a jikin katako a bakin lungu, ta ɗan kalli sama. Dalili kuwa shi ne shagon ba shi da taga, tun da aka gina benen rana ba ta taɓa leƙa shi ba. Akwai ƙwan lantarki, amma ko an kawo wutar, inuwar hannun Baba yake zubawa a kan aiki, idonsa ya yi ta ruwa. Ƙusar agogon hannu kuwa da kaɗan ta fi ƙwayar yashi.

To aikin Dogo ke nan. Daga ƙarfe tara zuwa ƙarfe biyu yakan tari rana a bakin titi, ya cilla ta taku goma sha biyu cikin lungu, ta sauka a kan teburin Baba kamar an ajiye farin faranti. Mai juya shi shi ne Auta, ƙaramin ɗan Baba kuma abokin aikinsa. Auta bai yi nisa a boko ba, amma ya san halin marigayi sarai. Ya ce haske da madubi kamar ƙwallo ne da bango. In ka jefa a miƙe, a miƙe za ta dawo maka. In ka jefa a karkace, da wannan karkatar za ta fita ta ɗaya gefen, ba ƙari ba ragi. Don haka ya zana layuka da ƙusa a simintin bakin lungu, kowace awa da nata. Rana na matsawa sai ya fita ya matsar da Dogo, hinjin ya ce ƙiiit. Iyakar maganar marigayi ke nan a duniya, kuma bai taɓa yin ta ba dalili ba. Tela da ke maƙwabtaka da su yakan ce, "Shago cike da agogo, amma ƙofar wadirob ke gaya mana lokaci."

Marigayi ya yi zaman duniya da hali na gari. Bai taɓa riƙe abin da ba nasa ba, hasken da ya karɓa shi yake miƙawa nan take. Ba shi da haske na kansa, kuma bai taɓa cewa yana da shi ba, saɓanin wasu da suka canza fis ɗin lantarki sau ɗaya aka wayi gari suna amsa sunan Injiniya. Ba ya fadanci. Gajere a gajere yake nuna shi, mai tumbi da tumbinsa. In ka tsaya taku uku daga gare shi, taku uku zai ajiye ka a cikinsa, in ka matso naka ya matso. Ba ya munafunci, duk wanda ka hango a cikinsa to shi ma yana hango ka, shi ya sa Baba daga kujerarsa yake gaisawa da masu wucewa a titi. Ɗabi'a ɗaya gare shi da za a iya kira tasa: in ka ɗaga hannun dama, na cikinsa zai ɗaga wanda ke daidai da naka, wato hagunsa, kamar kowane mai fuskantarka. Wannan ko yaron goye ya sani. Mutum ɗaya ne a duk layin bai sani ba.

Mutumin shi ne mijin Yaya, Injiniya, mai sayar da caja da rigar waya a ƙarƙashin lema. Shekara biyu ke nan idonsa na kan shagon Baba. Kullum safiya sai ya zo ya tsaya ƙiƙam a gaban Dogo yana gyara kwala yana taje gemu, teburin Baba ya yi duhu ɗif. Baba ba ya iya yi wa suruki magana, sai dai ya ɗago kai ya ce, "Auta, an yi husufi. Leƙa ka gani ko mutumin ne." Kuma Baba ya taɓa cewa a gaban iyali, "Ranar da na kasa ɗaura ƙusa a agogo, ku zo ku karɓi makulli, ba sai an roƙe ni ba." Injiniya ya haddace wannan magana fiye da lambar wayarsa.

Ciwon ajali ya fara ranar Litinin da ƙarfe goma daidai. Baba ya gama gyaran wani agogon tebur irin wanda ba shi da lambobi sai 'yan layuka, ya ajiye shi cikin haske yana gwada shi. Injiniya na taje gemu daga gefe sai ya hango agogon ta cikin madubi. Ya duba wayarsa. Ya sake duba madubi. Sai ya saki matajin, ya kira Yaya a waya ya ce ta zo maza, sannan ya shiga tara jama'a.

"Ku zo ku gani da idonku! Ƙarfe goma, agogon da ya gyara yana cewa ƙarfe biyu. Ku dubi hannun sakan ma, baya yake tafiya! Tsohon nan so yake ya mayar da mu jiya."

Auta ya fito daga shago. Ya kama gefen rigar Injiniya a hankali, ya taka da shi taku goma sha biyu, ya tsayar da shi gaban tebur. Agogo na cewa goma, hannun sakan na tafiya gaba kamar na kowa. Tela ya yi dariya har awon da ke wuyansa ya faɗi ƙasa.

"Injiniya, don Allah a wace makaranta ake koyar da wannan? In sani, kada in kai nawa."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Injiniya ya ce madubin ne maƙaryaci. Ya ce kuma ma wane irin rashin ilimi ne wannan, a ciki ake neman haske an ajiye madubi a waje? Nan take ya kwance Dogo daga hinjinsa, ya ciccibe shi zuwa cikin shago, ya buga ƙusa a bangon baya ya rataye shi. Auta ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ka kunyata mijin yayarka sau ɗaya, ya isa. Bar shi."

Da Yaya ta iso ba ta tarar da dariyar ba, sai mahaifinta ta tarar cikin duhu yana share ido da gefen riga. Yaya ba muguwa ba ce, tausayi ne ya yi mata yawa, ga kunne da aka daɗe ana hurawa. A kan teburin akwai ɗan agogon Sista, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, wanda ta yi shekaru tana ƙirga bugun zuciyar marasa lafiya da shi. Yaya ta ce, "Baba, in Asabar ta yi ba ka haɗa na Sista ba, ka zo gida ka huta. Kai ka faɗa da bakinka." Baba ya ce shi ya faɗa, kuma bai janye ba.

Kwana uku marigayi ya yi yana jinya a jikin bango. Duhu ya gani, duhu ya mayar, don bai iya ba da abin da ba a ba shi ba. Kullum Injiniya sai ya leƙo ya ce, "Ku ba shi lokaci mana, ai sai ya yi caji." A ƙarƙashin ƙwan lantarki ƙusa ta kuɓuce wa hantsakin Baba sau uku, sau uku Auta na rarrafe yana neman ta da tafin hannu. Bangon kuma dama a jiƙe yake saboda famfon da ke yoyo daga sama. Duk wanda ya taɓa jingina da shi ya san haka, amma masu ilimi ba sa jingina da bango.

Ranar Alhamis da hantsi ƙusar bangon ta zame. Aka ji ratsatsa, sannan shiru, sai agogunan bango da suka ci gaba da tafiyarsu kamar ba a yi komai ba. Baba ya cire gilashin da ke idonsa ya ajiye. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Na Innarku ne." Auta ya tattara gawar a kwali ya tura ƙarƙashin tebur. Injiniya ya zo ta'aziyya da yamma, ya ce dama ya tsufa, gefensa duk baƙin tabo. Yana ta'aziyyar yana auna faɗin bango da taƙi, don ya san inda zai jera caja.

Marigayi ya rasu ya bar hinji ɗaya da ya daina magana, da katako tsaye a bakin lungu kamar wanda aka manta a tasha, da layuka shida a siminti. Ya bar matajin Injiniya cikin maraici. Ya kuma bar 'ya'ya arba'in da bakwai, manya da ƙanana, duk masu kaifi, duk halin ubansu. Babbansu bai wuce tafin hannu ba, kuma dole a faɗi abin da ya yi.

Ranar Asabar da safe kowa ya hallara. Sista ta zo karɓar agogonta, Yaya ta zo tafiya da Baba, Injiniya ya zo da sabon kwaɗon kulle ƙofa a hannu. Ƙusa ɗaya ta rage a agogon, Baba kuwa ya kasa ganin raminta. Injiniya ya shuri kwalin da takalminsa mai tsini.

"Kai Auta, fitar mini da sharar nan kafin in shigo da kaya."

Auta ya ɗauka ya fita, shi dai ba ya musu da na gaba. Yana isa bakin lungu rana ta faɗa cikin kwalin, sai ga haske ya watsu a rufin lungu kamar an tashi garken fararen tsuntsaye. Ya tsaya. Ya ajiye kwali, ya zaɓi babban ɗan, ya taka layin ƙarfe goma, ya karkata hannu. Wani ɗan farin tabo ya bi bango yana rawa, ya ratsa ta fuskar Injiniya har ya runtse ido, abin da Auta ya rantse kuskure ne, sannan ya gangara ya hau tebur. Sai aka ji muryar Baba daga ciki, irin wadda aka kwana biyar ba a ji ba.

"Ƙasa kaɗan. Hagu. Hagunka, ba nawa ba! Yauwa, tsaya nan. Kada ka yi numfashi."

Hasken bai fi tafin hannu ba, amma agogon Sista ma bai kai haka ba. Baba ya sa gilashi, ya ɗauki ƙusa da hantsaki, ya aje ta a raminta, ya murɗa. Ya rufe bayan agogo ya miƙa. Sista ta kara a kunne, ta yi murmushi. Sannan ta kamo wuyan hannun Injiniya, wanda ke riƙe da kwaɗon, ta zuba wa agogonta ido tana ƙirgawa.

"Ɗana, bugun zuciyarka ya yi yawa. Nemi wuri ka zauna."

Yaya ta zare kwaɗon daga hannun mijinta ta jefa a jaka. Ta ce, "Mu je gida, akwai magana." Daga yadda ta faɗi kalmar, iyalan suna roƙon jama'a da su sa shi ma a addu'a.

Za a yi jana'izar marigayi gobe Lahadi a bayan bene, gindin famfon da ke yoyo. An haƙa rami mai zurfi don kada ƙafar wani ta taka, gama marigayi bai cuci kowa ba yana raye, ba zai fara yanzu ba. Za a binne shi tare da ƙananan 'ya'yansa arba'in da shida. Babban ɗan ba zai samu halarta ba, Tela ya ɗinka masa baki da ƙyalle, an ɗaure shi a hinjin ubansa, ya kama aiki. Baba zai karɓi gaisuwa a kan kujerarsa, makulli na aljihunsa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su raɓa ta gefen bango, kada kowa ya tsaya a bakin lungu tsakanin tara da biyu, ko da kwalarsa ta karkace.

Lokacin jana'iza ƙarfe goma na safe ne daidai. Shi kuma Injiniya, iyalan sun yafe masa, suna roƙonsa ya duba lokacin a madubi kamar yadda ya saba. In ya iso ƙarfe biyu zai tarar an watse, kuma ba wanda zai ce ya makara.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya bar mana ido da rana.

Sanarwa daga Auta, a madadin iyalan Baba mai gyaran agogo.