Ranar da Jirgin Kyaftin Baranda Ya Kishingiɗa

Allah Ya yi wa garinmu baiwa iri-iri, amma babu kamar dawowar Bwana Mwinyikombo Shee. Duk shekarunsa na aiki a Dodoma ya yi su, can tsakiyar ƙasa inda ruwa mafi girma shi ne na tankin kan rufi, yana buga hatimi a kan takardun motoci. Da ya yi ritaya sai ya tuna ashe shi jikan teku ne. Ya dawo mana da akwatuna, da tumbi, da farar hula irin ta manyan matuƙa, wadda ya saya a tashar bas.

Ba mu taɓa ganin masanin teku irinsa ba. Sauran mutane sai sun shiga ruwa suke sanin halinsa. Shi daga barandar gidansa yake karanta shi, da kofin gahawa a hannu. Masunta su dawo da kifi cike da kwando, ya kira su ya bayyana musu inda suka yi kuskure. Su gode, su wuce. A gabansa ana ce masa Kyaftin. In ya juya baya a ƙara Baranda.

Abin da yake so ba ɓoyayye ba ne: kujerar shugaban ƙungiyar masu jirage, wadda kakansa ya taɓa zama a kai. Mzee Kibwana da ke riƙe da ita ya tsufa, ya ce zai sauka. Sharaɗi ɗaya ne, dole mai nema ya mallaki jirgi. Akwai wani Makame, mai jirgin katako da ke kai gawayi tsibirin Pemba, wanda mutane suka fara ambata. Da Kyaftin ya ji, sai da ya ajiye kofi don ya yi dariya sosai.

“Akwatin gawayi,” in ji shi. “Zan nuna wa garin nan abin da ake kira jirgi.”

A birnin Tanga ya samo shi, wurin wani tsohon Bature mai suna Jorgen, wanda ya fito zagaya duniya tun yana da baƙin gashi, ya tsaya shan ruwan kwakwa, bai sake tashi ba. Jirgi ne fari mai tafiya da iska, doguwar sandarsa ta tsakiya ta fi hasumiyar masallacinmu. Ƙyallayen iskarsa sun sha faci har ba a san asalin yadin ba. Cikinsa na warin tsohuwar rijiya. Injinsa kuwa tari yake yi irin na mai shan taba.

Kyaftin ya duba shi dubawar ƙwararru. Ya zagaya yana neman tayar da zai shura, bai samu ba, sai ya ƙwanƙwasa bango. Ya kwanta a kowane gado. Ya gyara hula a madubi. Ya tambaya ina ƙahon yake.

“Ka taɓa tuƙa irinsa?” in ji Baturen.

“A jinina yake.”

“To, bari in gaya maka game da ƙarƙashinsa. Akwai wani ƙaton ƙarfe da ya sauka ƙasa sosai, shi ne yake…”

Kyaftin ya ɗaga hannu, yadda ya saba tsayar da masu dogon bayani a ofis. “Malam, abin da ke ƙarƙashin ruwa ba wanda zai gani. Mu yi maganar fenti.”

Aka yi ciniki. Waɗanda suka ga Jorgen a ranar sun ce tafiyarsa ta koma ta saurayi.

Kafin a kawo jirgin, Kyaftin ya shiga koyon aiki a gida, da matarsa Bi Mwantumu a matsayin ma’aikatan jirgi gaba ɗaya. Da safe ya tsaya a tsakar gida, ƙafafu a buɗe saboda igiyar ruwa, ya ce, “A saki igiya.”

“Wacce, Maigida? Ta shanya ko ta akuya?”

Bi Mwantumu ’yar masunci ce, amma ba ta cika tuna masa ba. Ranar nan tana tsince shinkafa ta tambaye shi inda zai ajiye jirgin.

“Gaban dandali, inda kowa ke zama.”

“Na ga irinsu can bayan tsibiri ake ɗaure su, wurin zurfi.”

“Wa zai gan shi a can, kifi? Babban mutum ba ya ajiye motarsa a bayan gari. In akwatin Makame zai kwana a ƙofar dandali, nawa ne zai tsaya a waje kamar maroƙi?”

Gaskiya ne, haka muke yi tun kakanni. Mukan shigo da jiragenmu kan rairayi, in ruwa ya janye su zauna a kan faffaɗan cikinsu kamar kaji a kan ƙwai. Kyaftin ya ga haka tun yana yaro, kuma shi mutum ne mai riƙe abin da ya gani. Bi Mwantumu ta hure ƙaiƙayi daga faifai.

“To, Allah Ya kai mu,” in ji ta.

Allah Ya kai mu kuwa. Ranar ta dace da cikar ruwa mafi girma a wannan lokacin na shekara, har teku na lasar gindin itatuwan kwakwa. Iska ta ƙi bin umarni, inji ya yi tari ya yi shiru, don haka wani kwale-kwale mai inji ne ya jawo jirgin da igiya. Kyaftin na tsaye a sitiyari yana murza shi dama da hagu, jirgi na bin igiyarsa. Aka shigo da shi har gaban dandali, aka jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Ya aika a ɗauko dattawan ƙungiya su ci abinci a ciki.

Suka hau ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya leƙa ruwa, ya dubi rana, ya dubi ɗan’uwansa. A wurinmu baƙo ba ya gyara wa mai masauki kafin ya ci abincinsa, in ya ci kuma kunya ta hana. Sai dai Makame ya tattare rigarsa ya ɗaure a kugu, Mzee Kibwana kuma ya cire takalmansa ya cusa a aljihu.

Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye babban tiren shinkafa mai kwakwa da kifi, aka zuba gahawa. Kyaftin ya miƙe, ya dafa sandar tsakiya.

“Iyayena, zamani ya canja. Teku ta gaji da jahilci. Teku na bukatar tsari, da lamba, da layi. In kuka ba ni kujerar kakana, kowane jirgi zai san wurin tsayuwarsa, kamar yadda kuke ganin nawa ya san nasa.”

Wani lemo ya fita daga kwano, ya gangara a hankali, ya wuce tsakanin ƙafafunsa. Gahawa ta taru a gefe ɗaya na kowane kofi.

“Kada ku damu,” in ji shi. “Manyan jirage haka suke numfashi.”

Ya ci gaba. Ya yi maganar Maskat da Bombai, inda zai kai tutar garinmu. Ruwa kuwa na ta tafiya abinsa, ba sallama. Tire ya motsa. Ya bi gaban dattawa a natse, kowa ya ɗebi loma yayin da yake wucewa, har ya isa cinyar Mzee Fumo, wanda ya fi kowa tsufa, ya tsaya. Mzee Fumo ya yi bisimilla.

Jirgin da ke tsaye a kan ƙarfe ɗaya kamar zalɓe, in ruwan da ke riƙe da shi ya tafi, shawara ɗaya ta rage masa. Ya yi wani dogon nishi, ya zaɓi gefen hagu. Bai faɗi ba, kada a yi masa ƙarya. Kishingiɗa ya yi, irin ta attajiri bayan cin rana. Tabarma ta tafi da dattawa, suka jeru a jikin ƙarfen gefe, kafaɗa da kafaɗa. Daga ɗakin ƙasa aka ji tukwane suna ƙaura.

Kyaftin na rungume da sanda da hannu biyu, ƙafa ɗaya na lilo. Hularsa ba ta faɗi ba, wannan a rubuta masa.

“Da gangan na shirya muku wannan,” in ji shi. “A tsakiyar teku haka ake tafiya, a karkace. Na so ku ɗanɗana.”

“Mun iso Pemba ne?” in ji Mzee Fumo.

“Baba, ga ƙofar gidanka can,” in ji Makame. “Har ga jikarka tana shara.”

“To, tafiya ta yi kyau. Ban yi amai ba.”

Suka zame ƙasa ɗaya bayan ɗaya, suka gode wa mai masauki, suka taka a kan rairayi zuwa gida. Bi Mwantumu ta zo ta karɓi tirenta. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta.

“In kawo maka tsani, Maigida?”

“Kyaftin ba ya barin jirginsa.”

“To, in kawo matashi.”

Da la’asar ruwa ya dawo, jirgi ya miƙe tsaye, Kyaftin ya sanar da dandali cewa ya tashe shi. Sai dai ƙarfen nan da ba wanda zai gani ya haƙa wa kansa rami a laka, kuma ruwan da ya shigo da shi ba ya dawowa da wannan girman sai bayan watanni. Aka ja, aka tura, aka yi addu’a. Tun daga ranar jirgi ya samu sana’a: ruwa ya zo ya tashi, ruwa ya tafi ya kwanta. Kyaftin ya tare a ciki don ya nuna komai na tafiya bisa tsari. Ya koyi shan shayi a karkace. Har in ya sauko gari, kansa kan ɗan jingina hagu, kamar mai sauraron magana ta bayan bango.

Ranar zaɓe aka taru a gindin mangwaro. Ba a daɗe ba. Aka ba Makame kujera, ya karɓa yana kallon ƙasa. Kyaftin ya fara tattara rigarsa zai tashi, sai Mzee Kibwana ya yi gyaran murya.

“Bwana Mwinyikombo, zauna. Ƙungiya na da roƙo a wurinka. Abin da ka kawo garin nan, ko kakanka bai kawo ba.”

Kyaftin ya zauna. Tumbi ya koma wurinsa. Ya gyara hula.

“Matan da ke noman ciyawar teku ne suka aiko,” in ji Mzee Kibwana. “Da, sai mace ta bar girki ta gangaro bakin ruwa ta duba ko ya janye. Yanzu daga ƙofar ɗaki suke hango sandarka. In ta karkata su ɗauki kwanduna, in ta fara miƙewa su fito daga ruwa. Sun ce tun da ka zo ba wadda ta makara. Suna roƙo, ko babban ruwa ya dawo, kada ka matsar da shi.”

Kyaftin ya auna girman abin. Sannan ya miƙe a hankali, ya sa hannu a ƙirji.

“Na karɓi wannan nauyi. Zan zauna a bakin aikina dare da rana, ba hutu, ba…”

“A’a, kada ka wahalar da kanka,” in ji Mzee Kibwana. “Ka koma gida ka huta. Sun gwada ranar da ka je Tanga. Ko ba ka ciki, daidai yake aiki.”