Ramin da Ke Goshina

Abubuwa da yawa sun same ni tun zuwana ƙasar nan, amma ba zan taɓa mantawa da wani taron suna a unguwar Balsall Heath ta Birmingham ba, ranar da ɗan mayen ƙarfen da ake mannawa a jikin firij ya tona mini asiri a gaban mata cike da kicin. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Lokacin muna zaune a unguwar Longsight ta Manchester, ni da maigidana da 'yarmu Yusra, ko yaye ta ban yi ba. Shi yana tuƙin motar kaya, ni ina kitso a ɗakin gaba. Batun karatuna kuwa, bari in faɗi gaskiya yanzu tunda a lokacin na kasa: allo na yi a zangon Kumasi, boko kuma a aji uku na tsaya. Turancin bas da na kasuwa ina tsinta, amma takarda in ta zo daga council ko GP, wato hukumar gari ko likitan unguwa, sai in ɗora ta kan talabijin in jira Baban Yusra. In wani ya miƙo mini a bainar jama'a, sai in ce idona na ruwa.

Cikin masu zuwa kitso akwai Safiya, 'yar Zariya, da aka turo karatu uni, wato jami'a. Ba ta zama dakta ba tukuna, amma ni Dakta nake ce mata (ta hana har ta gaji). Wata rana kanta na kan cinyata ina tsaga, ta yi mini bayanin aikinta. Wai a cikin kan mutum akwai zaruruwa sirara masu kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan, kuma ruwan cikin kai tsawon zaren yake bi, kamar yadda ruwan rake ke bin tsawon kara. Injin MRI, ƙaton maganaɗisun nan mai rami da ake tura mutum ciki, shi ke auna inda ruwan ya fi karkata. Sai kwamfuta ta yi lissafi a kowane ɗan gurbi, ta fitar da siffa kamar ƙwallon dabino, tsininsa na nuna hanya. A jona wannan da na gabansa, a jona, a jona, har zare ya fito. Na ce ashe kitso ne. Ta yi dariya har tsagar ta karkace, ta ce kitso ne mana, sai dai nata ba ta ganin kan.

Damuwarta ita ce ƙarshen shekararta ta farko ya gabato. Dole ta nuna wa malaminta cewa lissafinta na aiki a kan lafiyayyen kai kafin a bar ta ta taɓa na marasa lafiya. In ta kasa, karatun ya tsaya ke nan, ta tattara ta koma Zariya hannu rabbana. Injin kuma layi ake bi, sau biyu kacal aka ba ta. Ta tambaye ni ko zan ba ta aron kaina.

Lafiyayyen kai! Kafin mako ya zagayo, babu mahaucin da ke Stockport Road da matarsa ba ta ji cewa jami'a ta zaɓi ƙwaƙwalwata ba. Har waya na yi wa Gwaggo Adiza a Birmingham na faɗa mata. (Ita ce tun ina ƙarama take ce mini kan kwakwa.)

Dakta ta kawo mini takarda shafi biyu, ta ce in karanta da kyau kafin ranar hoton, in akwai abin da ban gane ba in tambaye ta. Makon nan Baban Yusra ya yi doguwar tafiya. Na ɗora takardar kan talabijin, kwana huɗu ban ko taɓa ta ba. Da ta tambaya na ce na karanta tsaf, babu matsala. Yaya za a yi mai lafiyayyen kai ta ce ba ta iya karatu ba?

Abu ɗaya na riƙe daga duk bayaninta: hoto. A gidanmu kuwa ba a zuwa hoto da fuskar wanke-wanke. Na sa leshina na biki, sarƙa, 'yan kunne, hoda, jan baki, na zizara kwalli har sau biyu. Da muka isa, wata Baturiya mai kula da injin ta sa na tuɓe komai, har da allurar ɗankwali, ta ba ni tsumma na goge hoda da jan bakin. Ta riƙa karanto tambayoyi da sauri, ni kuma ina ta amsa mata da a'a, don na lura in na ce a'a sai ta yi murmushi. Kwallin ban taɓa shi ba. Yana can cikin fatar ido, kuma ni a wurina kwalli ba ado ba ne, kamar man shafawa ne, tun ina zanen goyo ake sa mini. Dakta tana bayan gilashi tana fama da kwamfuta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

A cikin ramin, ƙara kamar an kwantar da ni a kan injin niƙa. Na ji gefen idanuna na ɗan ɗumi, na ce tsoro ne, na ci gaba da salati.

Bayan kwana uku Dakta ta zo da laftof ɗinta mai nauyin turmi, ta buɗe mini hoton. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma wai a cikin kaina yake. Zare ja mai tafiya daga kunne zuwa kunne, kore daga goshi zuwa ƙeya, shuɗi daga sama zuwa wuya, kamar an baje rumfar masu zaren saƙa. Amma a gaba, daidai saman idanu, babu komai. Zaruruwan sun taho tiryan-tiryan, suna isowa nan sai su yanke, kamar kitson da aka baro saboda yaro ya yi kuka.

Na ce a raina ashe rami ne a kaina. Na tuna makullin da na bari a jikin ƙofa, na tuna ranar da na zuba sukari a miya. Na kalli Yusra tana rarrafe, na fara tunanin wa zai riƙe ta. Dakta ta ce in kwantar da hankalina, likita ya duba sauran hotunan, kaina lafiya lau, ramin daga aikinta yake.

Mako uku ta yi tana neman inda ta yi kuskure, ni kuma ina ganin komai, don gidana take zuwa ta ci abinci. Da farko ta zaci jerin lambobin da ke faɗa wa kwamfuta gabas da yamma ne ya juye. Ta juya shi, sai kan gaba ɗaya ya rikice, kore ya bi hanyar da ba tasa ba, ta mayar. Ta tambaye ni ko na motsa a cikin injin, na rantse mata gawa ma ba ta fi ni kwanciya ba. Duk da haka ta sa kwamfuta ta daidaita hotunan, ramin na nan. Ta sassauta ƙa'idar da ke sa zare ya tsaya in hanya ta dushe, sai zaruruwa suka fito a cukurkuɗe kamar taliyar da ta dahu ta wuce, wasu har suna fita ta goshi suna shiga iska. Daga nan ta ce wataƙila a wurin zare biyu ne suka gitta juna, ƙwallon dabino ɗaya ba zai nuna hanya biyu ba. Wannan na gane shi sarai, don ko a kitso mahaɗa ce ke ba da wahala. Ta sauya lissafin, kwamfuta ta kwana uku tana huci. Ramin ko gezau.

Sai ta kashe damarta ta biyu, ta ƙarshe, ta ce in sake shiga injin. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ce a raina tunda hoton farko bai yi kyau ba, bari in ƙara gyarawa. Ban sa sarƙa ba wannan karon, amma kwalli kam na damɓara shi sosai.

Ramin ya ƙara faɗi.

Ranar da ta nuna mini, na lura da abu biyu. Na ɗaya, wuyanta ya rame, kitson da na yi mata ya tsufa ba ta ko kula ba. Na biyu, ramin yana da baki biyu, ɗaya a kan kowane ido. Wani abu ya ɗarsu a zuciyata, na kalli takardar nan da har lokacin ke kan talabijin ƙarƙashin rimot. Da na ce, “Dakta, karanta mini wannan,” da an wuce wurin. Sai na tashi na ƙaro mata shinkafa.

Saura kwana goma ta gana da malaminta, 'yar Gwaggo Adiza ta haihu a Birmingham. Dakta ta ce za ta bi ni sunan, don akwai wani Malam Nura, Bakano, mai bincike a kan irin injinan nan a can, kuma matarsa ƙawar mai jego ce, ya yarda zai duba mata. Bayan an ci abinci ya yi sallama a ƙofar kicin, aka matsar da tukwanen waakye, shinkafa da wakenmu na Kumasi, aka ba su gefen tebur. Mata suka kewaye su, kowa da faranti a hannu.

Bai ko kalli zaruruwan masu launi ba. Ya ce ta buɗe masa ɗanyen hoton, wanda lissafi bai taɓa ba. Ta ce ta duba, duhun da ke wurin ai na kogon iskar bayan hanci ne, kowa na da shi. Ya ce na kogon hanci ba ya kai haka girma, kuma ba ya zagaye ido biyu kamar tabarau. Wannan aikin ƙarfe ne. Lissafinta ba shi da laifi, babu abin da zai lissafa ne a wurin. Ya tambaya ko za a iya tuntuɓar mai kan. Dakta ta ce ba ta da izinin faɗin suna.

Ta rufa mini asiri ke nan. Ni kuwa na ga Gwaggo Adiza na kallo, na dafa ƙirji na ce, “Ai nawa ne, Malam. Ni jami'a ta zaɓa.”

Ya tambaye ni haƙorin ƙarfe, na ce babu. Tiyata, babu. Ko wani abu ya taɓa faɗa mini a ido, babu. Ya ɗan kalli fuskata, ya sunkuyar da kai, ya ce, “Hajiya, don Allah kwallin nan naki a ina kike samu?”

Na zaci wa matarsa yake so. Na zaro tanduna daga jaka da alfahari, na ce Mmata, wato mahaifiyata, ce ke aiko mini daga Kumasi, haɗin gida ne, ba irin na kanti ba. Ya nemi farin faranti, ya zazzaga kaɗan. Ya miƙa hannu ya ɓalle wani mayen ƙarfe mai siffar ayaba daga jikin firij, ya kawo shi kusa. Garin kwallin ya miƙe tsaye kamar gashin mage, ya yi tsalle ya manne.

Mata suka matso suna leƙen farantin. Malam Nura ya ce wannan ɗan ƙarfen da ke ciki ya isa ya rikita injin, kuma Allah ne Ya tsare ban ƙone a ido ba.

Dakta ta juyo a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. “Maman Yusra, layi na uku a takardar cewa ya yi kada a sa komai a ido. Da hannuna na ja masa layi. Kin ce mini kin karanta.”

Na nemi ƙaryar idona na ruwa, na tuna idon ne ma ake shari'a a kansa. Na ce, “Ban iya karantawa ba, Dakta. Hoto na ji kin ce.”

Gwaggo Adiza ta ajiye ludayi. “Wato ƙwaƙwalwar kika yi wa kwalliya? Sannu, kan kwakwa. Jami'a ta zaɓa!” Kicin ya fashe da dariya. Wata har ta zauna a kan buhun shinkafa tana share hawaye. Ni dai na ƙura wa ayabar nan ido, ina fata ta ja ni nima in manne a bayan firij.

Muka shiga motar komawa Manchester. Ina ta lissafa mako ukunta, da damar nan biyu da na cinye mata da tsinken kwalli. Can wajen rabin hanya Dakta ta ce laifin nata ne, ta ba ni takarda a inda ya kamata ta faɗa mini da baki, kuma shekara guda tana kallon idona ba ta gan shi ba. Wannan ya fi dariyar Gwaggo zafi. Na ce ta kai ni gaban malamin nata in faɗa da bakina.

Haka kuwa aka yi. Na tsaya gaban dattijon Bature da tanduna, Dakta na fassara. Shi ma sai da ya gwada da mayen ƙarfe har sau biyu, kamar yaro ya samu abin wasa. Ya samo mata dama ɗaya da sassafe. Na je da fuskar da na wanke da sabulu sau uku, idanu fari fat kamar mai jinya. Zaruruwan suka fito har goshi, koraye shar, babu ko giɓi. Dakta ta wuce zuwa shekara ta biyu, kuma tun daga nan duk wanda zai shiga injin da baki take tambayarsa, kwalli ne tambayar farko.

Ni kuwa na shiga ajin koyon karatu na manya a bayan laburare, da abin da na koya a can nake rubuta wannan. Matan Birmingham har gobe Hajiya Mayen Ƙarfe suke ce mini, na kuma daina musu. Abin da na koya bai da yawa: in aka miƙo maka takarda ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba tun mutum ɗaya ne zai ji. Ramin da ke goshina na gaske ne, sai dai ba shi ne injin ya nuna ba. Kuma in an ce hoto, yanzu sai na tambaya na ciki ne ko na waje.